Minti Hamsin Zuwa Hor Al Anz

Duk shekara idan zafin Dubai ya fara sassautawa, kamfaninmu yakan ɗauki sababbin ma'aikata saboda lokacin bukukuwa, kuma bana na ƙirga Hausawa huɗu a cikinku. Shekaranjiya a motar ma'aikata na ji ɗayanku yana gaya wa wani a waya cewa ya dace da aikin hutu: zama a tanti mai na'urar sanyi, manna wa mata filasta a dunduniya idan takalmi ya cije su, da kallon mawaƙa kyauta. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Yawancin ranaku haka suke. Sauran ranakun ne nake so in yi muku bayani a kansu, iya abin da na sani. Ina roƙon kada ku ɗauki maganata a matsayin ta likita ko ta lauya, don ni ba ko ɗaya ba ne a cikinsu.

Aikin ɗakin awo na karanta a jami'a a gida, awon jini da fitsari da makamantansu. Na zo nan da niyyar shiga wani asibiti, sai tantance takardu ya ja lokaci, biza kuma tana shirin ƙarewa, na shiga kwas na agajin gaggawa don kada in koma gida haka nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama a tantin agaji na wuraren biki. Mutanenmu na Deira Dokta suke kirana. Na gyara musu har na gaji na bari.

Aikina na farko wani bikin kiɗa ne na rana a bakin teku. Aka haɗa ni da Sista Rifkatu, wata nas 'yar kudancin Kaduna wadda ta girme ni da wajen shekara goma sha biyar, ta kuma yi aiki a wata ƙasar Turai kafin ta zo nan. Tun ba a buɗe ƙofa ba ta sa na zazzage jakar aiki a kan gado, ta ce in ɗauko mata abin da ya fi komai muhimmanci. Na ɗauko na'urar awon hawan jini, ta girgiza kai. Na ɗauko ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa ya nuna iskar da ke cikin jininsa, ta sake girgiza kai.

“Ɗan boko,” ta ce, “ina ƙanƙararka?”

Ban kawo ba, don babu ita a takardar kayan da aka ba ni. Ta tura ni wurin masu haɗa lemo na roƙo buhu biyu, na ɗauko a kafaɗa ruwa yana bin bayana. Kafin La'asar mun ƙarar da su a kan wani Bature mai ƙiba wanda aka kawo jikinsa kamar dutsen guga. Sista ta yanka rigarsa da almakashi ba ta tambayi kuɗinta ba, ta cusa masa ƙanƙara a hammata da matsematsi da wuya, ta sa ni ina jiƙa tawul ina shafa masa, fanka tana busawa, ita kuma tana kan oba-oba tana kiran motar asibiti. Daga ranar na san kayan aikinmu na gaskiya: ma'aunin zafi, almakashi, tawul, ƙanƙara, da agogo. Sauran na'urori suna da amfani, ban raina su ba, amma gaya maka abin da ke faruwa kawai suke yi.

Akwai kuma fom. Wannan shi ne sababbi suka fi rainawa. Sista ta koya mini cewa abin da idonka ya gani za ka rubuta, ba abin da kake zato ba. Zafin jiki kaza da ƙarfe kaza, baƙin ido ya buɗe, muƙamuƙi ya ƙage, yana gumi ko ya daina. Ba ka rubuta “ya sha ƙwaya” sai idan shi ya faɗa da bakinsa, kuma a nan ma sai ka sa cewa shi ne ya faɗa.

Ƙwayar da nake nufi ita ce wadda ake kira ekstasi, wasu mutanenmu suna ce mata ƙwayar rawa. Ba na so ku ɗauka kowa a wurin biki ita ya sha. Akasarin waɗanda za su zo muku giya ce da rana da rashin cin abinci. Amma idan aka kawo muku mutum yana tauna haƙora ba komai a bakinsa, yana rungumar kowa yana ce masa habibi, jikinsa kuma ya ɗau zafi, to ku yi hattara. Iya fahimtata, abin da take yi shi ne ta ɗaga zafin jiki, ta kuma hana mutum jin cewa ya gaji, sai ya yi ta rawa a rana har cikinsa ya fara dahuwa. Wani kuma tsoron hakan zai sa ya yi ta ɗirkar ruwa kwalba bayan kwalba har gishirin jininsa ya tsinke, ya fara amai da farfaɗiya. Na ga iri biyun. Na biyun ya fi rikitarwa, don abokansa za su rantse maka sun kula da shi, ruwa kawai suke ba shi.

Wahalar ita ce ba wanda zai gaya maka abin da ya sha, kuma ba na ganin laifinsu sosai. Iya sanina, a ƙasar nan samun abin a jinin mutum ma laifi ne, ba sai an same shi a aljihunsa ba. Na ji an ce an sassauta dokar ga wanda ya kai kansa neman magani, amma ban karanta da idona ba, saboda haka ba zan tabbatar muku ba. Abin da na tabbata shi ne da zarar motar asibiti ta tafi da mutum, magana ta fita daga hannunmu. Shi ya sa suke kallon rigarmu kamar ta ɗan sanda.

Wata rana aka kawo mana wata budurwa Balarabiya, ƙawayenta uku suna biye suna cewa rana ce kawai ta buge ta. Na tambaye ta ko ta sha wani abu, ta ce a'a. Na sake tambaya, ta ce wallahi a'a. Sista ta kori ƙawayen waje, ta ja labule, ta durƙusa kusa da kunnenta ta ce, “Ƙarfe nawa kika sha? Ɗaya ko biyu?” Budurwar ta ce ƙarfe biyu da rabi, guda ɗaya da rabi. Bayan an tafi da ita Sista ta ce mini, “Idan ka ce mata ‘kin sha?’ alƙali ka zama. Idan ka ce ‘ƙarfe nawa?’ ta san ka riga ka sani, kuma ba ka gudu ba.” Har yau haka nake tambaya, kuma ina ba ku shawara ku ma ku yi haka.

Wurin da muka fi zama a shekarun nan wani kulob ne na bakin teku. Mai gadin ƙofarsa Baba Mumuni ne, dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda kuma shi ne babba a gidan haya na Hor Al Anz inda na yi shekara uku ina kwana a gadon sama kafin kamfani ya mayar da mu Al Warsan, can bayan gari. Mutum takwas ne a ɗakinsa, shi ke raba faɗa, shi ke tada mutane sallah. Idan aka yi hutun cin abinci yakan zo bayan tantinmu ya zauna a kan akwatin ƙanƙara, shi da Sista su yi ta musu. A bakinsu na fara jin gardamar nan ta awon ƙwaya.

“A can inda na yi aiki,” in ji Sista, “tanti guda ake kafawa kusa da namu. Mutum ya kawo ƙwayarsa, a ɗan kankari kaɗan a auna, a gaya masa abin da ke ciki. Da idona na ga masu jefa tasu a kwandon shara bayan an gaya musu.”

“Waɗanda ba su jefa ba fa, Madam?”

“Sun sha suna sane da abin da suka sha.”

“Ato! Wato ni in tsaya a ƙofa tun safe ina laluben jakar mutane har ƙafata ta kumbura, su shiga ciki ke kuma ki ce musu bismillah, taka mai kyau ce?”

“Ba mai cewa mai kyau ce. Kai Baba, da lalubenka na shekara goma, me ka taɓa kamawa?”

“Turare,” ya ce, “da abin yankan farce.” Ya yi dariya har da tari. Sai ya juyo gare ni. “Dokta, kai ne mai digiri. Raba mu.”

Na ce a ganina kowannensu yana da hujja.

“Ka ji shi ko,” in ji Sista. “Wannan ko gobara ake yi sai ya ce wuta tana da hujja, ruwa ma yana da hujja.”

Akwai abin da na sani a lokacin wanda ban faɗa ba, don ban ga amfanin shiga musunsu ba. Awon da Sista take magana a kai na'ura ce da ma'aikata da suka san aikinsu, kuma suna zama da mutum su yi masa bayani. Amma akwai wani iri na daban, 'yar kwalba kamar ta maganin ido da katin launuka, wadda mutum yake ɗigawa da kansa. Irin wannan na san shi tun a ɗakin awo na makaranta. Launin da ya fito abu ɗaya yake gaya maka: akwai wani abu mai kama da wannan sinadari a ciki. Ba ya gaya maka yawansa. Ba lallai ya nuna maka abin da aka haɗa da shi ba. Kuma ko da ƙwayar ba ta da gauraye ko kaɗan, ba shi zai hana ta kashe mutum a rana irin ta garin nan ba.

Razak shi ma ɗan Kumasi ne, mai kai wa baƙi abinci a kulob ɗin, gadonsa yana ƙarƙashin na Baba Mumuni. Shekarunsa kamar talatin, yana da mata da 'ya ɗaya a gida. Shi ne yake kawo mana ragowar shinkafa daga kicin a ɓoye. Wata rana da yamma ya same ni ni kaɗai a bayan tanti, ya ajiye farantin, ya zaro irin 'yar kwalbar nan da katinta daga safa. Ya ce wani baƙo ne da zai koma ƙasarsu ya bar masa.

“Dokta Kano, chale, abokina, duba mini wannan.”

Na mayar da hannuwana baya. Akwai kyamara a saman sandar wuta, kuma ban san hukuncin riƙe irin wannan kwalba a ƙasar nan ba, har yau ma ban sani ba.

“Ban gan ta ba,” na ce. “Je ka jefar.”

“Haba Dokta. Kawai ka ce mini, in ya koma wannan launin,” ya nuna katin da yatsa, “ta gaskiya ce ko?”

“Na ce ban sani ba. Kana sha ne?”

“Shwaiya shwaiya, kaɗan-kaɗan, ranar hutu kawai. Awa goma sha biyu kana tsaye da faranti, kowa na murna sai kai. Wata rana sai ka ce bari in ga me suke ji.”

Na ce masa haramun ne, kuma kurkuku ne, kuma ya tuna da 'yarsa. Ya yi dariya ya ce ai wannan huɗubar Baba yana yi musu ita kullum bayan Asuba kyauta. Ya mayar da kwalbar cikin safa ya ɗauki farantin jiya ya tafi.

Na yi ta juya maganar kwana da kwanaki. Idan na yi masa bayanin launin, na ga kamar na taya shi sha ne. Idan na gaya wa Baba Mumuni, na tona masa asiri a gaban mutanen garinsu. Idan na gaya wa kulob, na raba shi da aikinsa. Kowace hanya na duba sai in ga illarta, saboda haka ban bi ko ɗaya ba.

Shekarar ce aka sake buɗe wurare bayan korona, kuma ita ce mafi muni da na gani a aikin nan. Mun yi watanni muna zaune, wasu abokan aikinmu sun koma gida ba su dawo ba, sai ga mutane sun fito kamar an buɗe musu keji. Masu wurare suka ja lokacin biki har cikin zafi don su mayar da abin da suka rasa. Tantin da muke zama mu huɗu ya koma mu biyu. Sista ta ce a ganinta ƙwayoyin ma sun canja, sun ƙara ƙarfi, don mutanen da ake kawo mana sun fi na da saurin faɗuwa. Ba ni da awon da zan tabbatar da haka, amma ƙanƙarar da muke roƙowa ta ninka.

Wata ranar Litinin ce, ina hutu a Al Warsan, na idar da Azahar ina wanki a bokiti. Sai ga wayar Baba Mumuni.

“Dokta, kana ina? Razak ne. Sun je bikin jirgin ruwa da safe shi da abokansa biyu, yanzu suka kawo shi a tasi. Jikinsa wuta, yana surutu ba kan gado.”

Na san amsar. Babu wanda ya yi sati ɗaya a aikin nan da bai san ta ba. Na ce, “Baba, ina ganin gara a kira motar asibiti.”

“Ina ganin, ina ganin. Dokta, mutum takwas ne a ɗakin nan. Biyu bizarsu ta ƙare. In mota ta zo, 'yan sanda na biye da ita. Shi kansa yaron in aka auna jininsa, khalas, ya gama da Dubai. Kai dai zo ka gani da idonka tukuna. Watakila ba komai ba ne.”

Watakila ba komai ba ne. Wannan ce kalmar da ta kama ni, don na sha ganin waɗanda suka kwanta awa biyu suka tashi suna neman abinci. Na yi tunanin in na sa aka kira mota ya zama abin bai kai ba, na ruguza mutum takwas a kan zato. Sai na ce su cire masa kaya, su ƙure na'urar sanyi, su jira ni. Ban ce kada su ba shi komai ta baki ba. Ban tuna ba.

Na ɗauki 'yar jakata na fita. Tasi ta yi wuyar samu, da muka hau babban titi kuma muka tarar da cunkoso. Na duba agogo lokacin da na kashe wayar, na sake dubawa a ƙofar gidan. Minti hamsin.

Tun daga matakala na ji ƙamshin manja. Razak yana kwance a kan tabarma tsakanin gadaje, bakinsa da gemunsa da ƙirjinsa duk sun yi ja. Numfashinsa yana ƙara kamar ta tukunyar shisha. Baba Mumuni yana durƙushe a kansa da gorar roba a hannu, ta manjan da ya zo da shi daga Kumasi yana tattali.

“Na ba shi ya kashe dafin,” ya ce. “Rabin kofi. Da farko ya ƙi, sai muka riƙe shi.”

Ba na so ku yi wa dattijon nan dariya. A gidanmu ma haka ake yi. Da ƙanena ya sha kananzir yana ƙarami, manja kakarmu ta ɗura masa, kowa kuma ya ce ita ta cece shi. Mutum ne yana kallon ɗan garinsu yana mutuwa a gabansa, an ce masa ya jira, ya jira rabin awa, sai ya yi abin da uwarsa ta koya masa. Amma wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya haɗiya daidai. Abin da ka zuba masa, wani ya tafi ciki, wani ya tafi huhu.

Ɗaya daga cikin abokan nasa yana tsaye jikin bango. Ya ce, “Dokta wallahi mun auna ta. Launin ya fito daidai da na katin. Shi ya sa da ya ji ta farko ba ta kama shi ba ya ƙara ta biyu.”

Ma'aunin zafi ya wuce arba'in da ɗaya. Abin yatsa ya nuna lambar da ban taɓa gani a jikin mai rai ba. Na ciro waya, wani daga cikin mutanen ɗakin ya kama mini wuyan hannu yana cewa in yi wa Allah. Baba ya ce, “Sake shi ya kira.” Mutum biyun da bizarsu ta ƙare suka ɗauki takalmansu a hannu suka sauka. Na juya Razak a kan gefensa, na share masa baki, na ce a kawo ƙanƙara. Babu. Abin da ke cikin firij kaji ne daskararru da kifi a leda, da su na cusa masa a hammata da matsematsi. Motar asibiti ba ta kai minti goma ba ta iso.

Kwana shida ya yi a ɗakin masu tsananin ciwo. Wani likita da ya ga katin aikina ya ɗan yi mini bayani a tsaye. Ya ce zafin sun saukar da shi, ƙoda ta taɓu amma suna da abin da za su yi mata, huhun ne yake ba su wahala, don mai ba ya fita kamar ruwa. Ban tambaye shi abin da zai faru da an kawo shi tun kiran farko ba, shi ma bai faɗa ba. Ranar Lahadi da hantsi Razak ya rasu. A nan aka binne shi.

'Yan sanda sun yi aikinsu. An auna abokan nan biyu, an tsare su, daga baya aka mayar da su gida. Ni da Baba an yi mana tambayoyi an sake mu. Kamfani ya ba ni takardar gargaɗi saboda na duba marar lafiya a wajen aiki ba tare da na kira mota ba tun farko. Na sa hannu, ban yi musu ba.

Da na koma tanti na gaya wa Sista komai, har da maganar kwalbar. Tana ninke tawul ne, ba ta daina ba.

“Ka san launin ba ya nuna ƙarfi?”

“Na sani.”

“Ka gaya masa?”

“A'a.”

Ta ɗauki wani tawul, ta ce, “Da ka gaya masa, watakila ɗaya zai sha.”

Baba Mumuni kuwa da labarin kwalbar ya kai gare shi cewa ya yi ita ce ta kashe yaron, don da babu ita, tsoro zai hana shi ƙara ta biyu, watakila ma ta farkon. Na auna maganganun biyu shekara da shekaru, kuma idan kuka tambaye ni yau ko a bar mutane su riƙa awon ƙwaya ko a hana, ba ni da amsa mai ƙarfi. Ina jin awo tare da mai bayani daban ne da kwalba a cikin safa. Ina jin kuma akwai wanda launin zai ba shi ƙarfin zuciyar da ba shi da shi. Wannan magana ta fi ƙarfina, ta masu yin doka ce.

Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne. Tun daga lokacin mutum uku sun yi mini irin tambayar Razak. Ba na taɓa kwalbar, kuma ina gaya musu kada su sha, amma ba na tsayawa a nan. Ina gaya musu abin da launin ba zai nuna musu ba, da alamar da in sun gani a jikin abokinsu za su kira mota. Ban sani ba ko hakan ya ceci wani, ban kuma sani ba ko ya ƙara wa wani ƙwarin gwiwa. Ku ma mutanenmu za su fara kiranku Dokta, za su sami lambarku, kuma wata rana za a kira ku a ce ku zo ku gani da idonku tukuna. Kada ku je tukuna. Ku ce a kira mota, ku ce kada a zuba masa komai a baki, ko ruwa, ko madara, ko manja, sannan ku nemi tasi. Za a ce kun tona asiri, watakila a daina gaishe ku a masallaci. Hakan ma yana cikin aikin.

Sati biyu bayan jana'iza Baba Mumuni ya kira ni in taya shi haɗa kayan Razak, za a aika wa matarsa ta wurin masu kago na Al Buteen. Muka zauna a gaban shagon da safe da kwali babba. Akwai tufafinsa, da keken ɗinki sabo a cikin ledarsa wanda ya saya mata, da jakar makaranta mai hoton kyanwa. Baba ya rame, rigar gadin ta yi masa yawa. Muna cikin jerawa ya tsaya da igiya a hannu.

“Dokta, tsakaninka da Allah. Kada ka ce mini ina ganin, kada ka ce mini watakila. Manjana ne ya kashe shi?”

Na ce, “Baba, manjan ya shiga huhunsa, kuma huhun ne bai tashi ba. Amma da na ce ku kira mota lokacin da ka kira ni, da ba ka kai ga manjan ba.”

Wani mai turin amalanke ya wuce yana cewa yalla yalla, muka janye ƙafafunmu.

“To mu biyu ke nan,” ya ce. Ya zagaya igiyar, ya ja ta da ƙarfi. “Danna mini nan in ƙulla.”